Ƙwaryar Dije Tana Nan a Ragayata

Zuwa ga Mai Girma Sufurefe na Dakoro,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ce Hajo mai fura, wadda ke zama a bakin kasuwar dabbobi. Kuka na kawo gidan da nake sa ran za a share mini hawaye.

Na farko. Tun da kamyo, babbar motar kayan nan, ya fara zuwa daga Maraɗi ran kasuwa, fatake ke kwashe cuku da man shanu, wasu har Najeriya. Cukun da muke saye biyu dala, yau ɗaya dala ne. Ban ƙi ba, makiyayi ma ɗan ƙasa ne, shi ma ya ɗanɗani 'yancin nan. Tsadar mai ba ta dame ni ba, don in an kaɗa nono an cire mai, tsala na saura, da ita nake dama fura. Cuku ne mai haɗama, shi madarar yake shanyewa ƙaf. Shi ya sa nono ya hau.

Na biyu. Da ka ga haka, ka sa aka yi shela: ƙwaryar nono kada ta wuce dala uku, kuma ban da musanya, sai kuɗi. Tausayinmu ka ji, na sani. To amma an ɗaure nono an bar cuku sake, wa zai kawo nono?

Ga abin da ya same ni. Dije, wata Bafulatana daga wajen Tagriss, tun zamanin Nasara ita ke kawo mini nono. Ba mu taɓa ciniki ba. Ta juye mini, in cika mata ƙwarya da hatsi, in ɗora dusa don shanunta. Kasuwar da ta wuce gardi, dogarin hukuma, ya hana mu musanyar. Dije ta dube ni ta ce, "Hajo, ni da shanuna ba mu cin dala." Yanzu madararta gun Buzaye masu cuku take zuwa. Ni kuwa da ruwa nake damu, har dillalai na tsokanata wai na koma sayar da farau-farau. Dariya nake, amma raina a ɓace yake, don da furar nan nake ciyar da marayun ɗana.

Roƙona, ranka ya daɗe, a janye shelar, a bar mu da musanyarmu. In ana son gyara, a kira mata masu nono da masu fura zuwa biro, ofishinka, a ji ta bakinmu. A da ko ƙofar ba mu isa mu tunkara ba, yau namu ne a ciki, shi ya sa na yi ƙarfin hali.

Ban fid da rai ba. Ranar da Dije ta tafi cikin fushi, ta bar ƙwaryarta a gidana, kuma Bafulatana ba ta barin ƙwarya inda ba za ta koma ba. Na wanke ta na rataye. Kai kaɗai muke jira.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka masu faɗa maka gaskiya. Damun farko naka ne.

Wassalam.

Hajo mai fura, Dakoro