Tsarabar Inna daga York

Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau nan Dubai, ina zuwa aiki, ina cin abinci.

Louisa, abokiyar aikina, ta ja ni hutun kwana uku a York, wani tsohon gari a Ingila. Suna da ganuwa kamar Kano, amma ta dutse. Na zagaya, an yi mini hoto. Ban ji komai ba.

Tsarabar kowa tana hanya. Inna na sayo wa mayafin ulu, saboda sanyin asuba. Sai da na rubuta sunanta a leda na tuna yau wata biyar da rasuwarta.

Na bar ledar cikin kayan. Ki cire kafin Baba ya gani.

Ƙanwarki,
Khairunnisa