Ƙarfe Huɗu a Ofishin Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau na haɗa wa Baba mataimakin AI da imel ɗinsa da kalandarsa da ma'ajiyar fayilolinsa, yadda malamar kwamfuta ta nuna mana. Sau uku mataimakin ya nemi izini, sau uku na danna amincewa. Shekara biyu ke nan da idon Baba ya raunana, kuma aikin lauya karatu ne. Ni ke karanta masa wasiƙu kullum ƙarfe huɗu a ofishinsa na cikin gida, in lalubo masa takardun shari'a. Yanzu magana kawai zai yi, a amsa masa da murya. Ya ce, "Mamana ta zama injiniya." Kunya ta hana ni ɗago kai.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙarfe huɗu ta yi, ta wuce. Bai kira ni ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na tsaya a bakin ƙofar ofishin da tsintsiya, wai shara nake. Mataimakin ba ya tuntuɓe a kan dogayen kalmomi kamar ni. Ba ya tsayawa ya tambayi ma'anar ɗaukaka ƙara, balle Baba ya cire tabarau ya yi bayani har shayinsa ya huce. Ni ban iya hira da Baba ba. Ban taɓa iyawa ba. Wasiƙun nan ne hirarmu, sai yanzu na gane.

Talata, 11 ga Maris

Na ji shi a waya da Gwaggo: "Yarinyar ta huta, wallahi na daɗe ina tauye ta." Umma ma ta ce, "Kin samu 'yanci, sai ki fuskanci jarrabawa." Na ce to. An ɗora fayiloli a kan kujerata ta ofishinsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Na yi abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba. Yana salla na shiga na cire haɗin mataimakin. Dannawa ɗaya. Ƙarfe huɗu sai ga muryarsa: "Mamana! Zo, injin naki ya yi yaji." Na karanta wasiƙu shida. Ya yi dariya sau biyu. Na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi sosai.

Juma'a, 14 ga Maris

Ina makaranta ya nemi wata takarda da za a kai kotu da safe. Umma ta ce ya kai awa guda da fuskarsa manne da allon kwamfuta, idonsa na zubar da ruwa, bai gan ta ba. An ɗaga shari'ar wata mata mai ƙananan yara har wata mai zuwa. Ban ci abinci ba. Na mayar da haɗin ko takalmin makaranta ban cire ba. Baba na zaune yana sauraron yatsuna.

"Abin nan yakan katse da kansa?"

"A'a, Baba."

Sannan ya ce, "To."

Da ma faɗa ya yi mini.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban bari mun haɗu ba ko a tsakar gida.

Laraba, 19 ga Maris

Na shiga yau ba a kira ni ba. Ba abin karantawa, injin ya gama komai tun hantsi. Ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya. Ya dakatar da muryar injin da ke masa magana. Can na gaya masa na faɗi gwajin lissafi, abin da ko Umma ba ta sani ba. Ya tambayi wane sashe ne. Minti goma sha ɗaya na yi a ciki. Ba wani abu ba ne, kawai dai na duba agogo.