Zan Karanci Dodon Koɗi, Hamma

Jimeta, ranar Laraba.

Zuwa ga yayana, Hamma Buba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma ni zan karanta maka, kana gyara mini Hausa alhali taka ta fi tawa karkacewa. Amma wata bakwai ke nan magana tana cina, kuma ban da wanda zan faɗa wa sai kai.

Gida lafiya. Mahaifiyarmu Dada tana nan, sai ciwon gwiwa. Shinkafarka ta fadamar Mbamba ta yi kyau, matarka Adda Mairo ce ta tsaya a kai da kanta, ba ta bari ko tsuntsu ya sauka ba. Motoci duk sun koma tuƙi ta hannun dama, amma Bappa, ƙanin Babanmu, ya rantse shi da kekensa babu inda za su koma. Ka san shi.

Sakamakon jami'a ya fito, Hamma. Ƙaninka ya ci digirinsa na ilmin halittu, kuma ya ci da kyau. Yanzu hanyoyi sun yi mini yawa. Wani malaminmu Bature ya samo mini gurbi a Ingila, in karanci tsirrai, yadda ake gyara irin dawa da gero. A Ibadan akwai na kifi. Bappa kuwa duk bai san wannan zance ba, shi dai in tafi Maiduguri in karɓi kujera a ofishin gwamnatin jiha, a ce ɗan gidanmu yana da mota. Wai karatu ba ya ƙarewa ne? Haka yake tambayata kullum a gaban mutane.

To, na zaɓa. Zariya zan koma, shekara biyu, digiri na biyu a kan ƙananan halittun da ke rayuwa cikin jikin mutum. Aikin binciken kuma a nan gida zan yi shi, cikin kududdufan Mbamba da Mbamoi, ina tsintar dodon koɗi. Da Bappa ya ji, sai da ya cire hula. Wai an tura yaro boko shekara goma sha bakwai, ya dawo zai shiga taɓo kamar agwagwa. Dada kuwa dubana kawai ta yi.

Ba su san dalili ba. Kai ya kamata ka fara sani.

Ka tuna ranar da na fara fitsarin jini, muna yara, na zo maka ina kuka? Dariya ka yi, ka dafa kaina ka ce na zama namiji, kai ma kana yi, duk samarin fadama suna yi. Har alfahari na yi ranar. Sai a shekarata ta biyu a jami'a aka zaunar da mu gaban madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, aka nuna mana ƙwan tsutsar tsargiya, kowanne da ɗan tsini a baki. Aka ce dodon koɗi ke rainonta, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai tsayuwa a ciki, in ta daɗe ta lalata mafitsara da ƙoda. Wallahi kai na fara tunawa, kana tsaye cikin shinkafa ruwa har gwiwa tun asuba.

Na dawo hutu da niyyar in gaya maka, in kai ka asibiti. Muka zauna gindin mangwaron ƙofar gida, na buɗe baki, sai maganar ta ƙi fita. Yaya ƙane zai dubi yayansa ya tambaye shi launin fitsarinsa? A gidanmu, inda ko sunanka ba na kira kai tsaye? Na ce sai hutu mai zuwa. Hutu uku na yi haka, Hamma, uku! Ina ganin kana yawan zagayawa bayan gida, ina kawar da kai, wai ni mai tarbiyya. Da ƙafafunka suka kumbura aka kai ka, likita ya ce ƙoda ta riga ta tafi. Ni kaɗai a wurin na san ba yau abin ya fara ba.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da Allah. Amma shirun nan nawa ne, ba na kowa ba. Ka yafe mini. Ina kewarka ƙwarai, kuma ina jin haushin kaina har yanzu.

Shi ya sa Ingila ba ta ba ni sha'awa. Me zan yi da kyakkyawan irin dawa in masu shuka shi suna ƙarewa a tsaye? Kafin in baro jami'a na duba nawa fitsarin da hannuna. Ƙwan suna nan, Hamma. Na sha magani, ya wahalar da ni sati guda, ga ni garau. Abin da ya rage tsakaninka da wannan magani ke nan, magana ɗaya daga bakina.

Na cike fom na aika jiya. Malamin da zai duba aikina ya ce kafin in zo in tara masa fitsarin mutanen ƙauye, manya da yara, in rubuta wanda yake da ciwon don a ba shi magani. Kwalabe suna nan cike da kwali. Jibi bayan an sauko daga masallaci zan tafi Mbamba, lokacin da dattawa suke zaune. Za su ce ba ni da kunya, na sani, wataƙila a kai ƙarata wurin Dada. Su ce. Bappa zan fara miƙa wa kwalba, a gaban kowa, kuma ba zan sunkuyar da kai ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka da ya makara,
Sa'adu