Na ɗauki hotunan Kawu da sunan likita

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma masu karatu ku saurara har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Gummi, ina koyar da ilimin halittu. Shekara uku da suka wuce na fara koyon sassaƙa a kwamfuta, irin wadda za ka ɗauki curin yumɓu a cikin manhaja ka yi ta matsawa kana ja har ya zama siffa. Da farko ƙashi da tsoka nake yi don in nuna wa ɗalibai, kuma abin da na gaya wa Inna, mahaifiyata, ke nan. Daga baya na faɗa kallon mutum-mutumin farin dutse da Girkawan dauri suka sassaƙa, ina kwaikwayon yadda suke fitar da kafaɗa da jijiyar hannu. Na san abin da malamanmu ke cewa a kan surar mutum, shi ya sa na ɓoye. Amma duk abin da na yi sai ya fito kamar roba. Masu wannan sana'a da nake hira da su a intanet suka ce ba zan iya ba sai na nazarci jikin mutum na gaske.

A daidai lokacin aka kawo Kawu, yayan Inna, daga Gwashi. Manomi ne, majiyin ƙarfi, amma tari ya cinye shi. Ni nake kai shi asibiti, ni nake yi masa wanka. Ranar da na cire masa riga na ga haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, da allon kafaɗarsa, da tabon da ƙahon wani sa ya bar masa, wallahi tausayi ya zo mini, amma wani tunani ya riga shi zuwa: ga abin da nake nema. Wane irin mutum ne zai kalli kawunsa a wannan hali ya ga darasi? Na ce masa ina da aboki babban likita a Sakkwato, zan tura masa hotuna ya duba. Kawu mutum ne mai kunya, ko a gona ba ya tuɓe riga, amma ya zauna a tabarma ina ɗaukarsa hoto, ina cewa juya nan, ɗaga hannu, yana yi yana haki. Abokin nan akwai shi da gaske. Ban tura masa ba. Kullum sai in ce gobe, ina can ina sassaƙa.

Bayan kwana huɗu Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, mi likitan nan yac ce?"

Na ce, "Ya ce a ci gaba da maganin da ake sha, Kawu."

Ya yi hamdala. Inna dama ta fara maganar a kai shi Sakkwato, sai ya ce ba sai an wahalar da kowa a hanya ba, tunda babban likita ya gani. Ina tsaye a wurin, ruwan wankansa a hannuna, ban ce uffan ba. Me ya riƙe mini baki? Tsoron kada Inna ta tambayi abin da na yi da hotunan, shi ke nan. Wata guda bayan haka Kawu ya rasu. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma da an je fa?

Aikin kuwa ya yi kyau, ban taɓa yin kamarsa ba. Tsoho zaune ba riga, kansa a sunkuye, har tabon na saka. Na ɗora shi a intanet tun Kawu yana da rai, mutanen ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna ta yabo, wasu suka sauke, wasu suka yaɗa. Na goge nawa, amma yana nan a shafukan da ba ni da iko da su. Jikin da bai yarda maƙwabtansa su gani ba, ga shi duniya tana juyawa gaba da baya.

A gida kuma ni ne ɗan kirki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai Inna ta ba shi labarin yadda na yi jinyar yayanta. Shekaranjiya ta kira ni ɗakinta, ta nuna mini wake da man shanu da ta ƙulla, ta ce in kai wa likitan nan na Sakkwato. Ta ce, "Mutumin da ya duba mini ɗan'uwa bai san mu ba, ka ce mishi ina sa shi cikin addu'a."

Ƙullin yana ɗakina yanzu. In na gaya mata gaskiya, zan sake kashe mata yayanta, kuma wannan karon da hannun ɗanta. In na yi shiru, za ta ci gaba da yi mini addu'a a kan ƙarya. Wanda ya kamata in roƙa gafara kuma yana cikin ƙasa. Tun ranar jana'iza ban sake taɓa manhajar ba, istigfari ma ina yi ina jin kunyar bakina.

Jama'a, don Allah, me zan yi?