Numfashin Aro

Ranar Lahadi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Allah ya tashi kafaɗunsa. Kin aiko direban motar safe ya ce mini wai in riƙa ɗaga waya. Ba zan ɗaga ba. Muryata ta dushe, kalma uku sai tari, ke kuma tun kina goye ba ki taɓa barin mutum ya kai ƙarshen magana ba. A takarda dai dole ki jira ni.

Ga halin da ake ciki. Ƙarin da suka gani a huhuna na hagu ciwon daji ne, girmansa kamar ƙwan tantabara. Likita ya ce ba za su yanka ni ba, wai zuciyata ba za ta ɗauki aiki ba. Shekara saba'in da ɗaya wannan zuciyar tana ɗaukar wulaƙancin mutane, sai yanzu aka gano raguwa ce. Abin da ya rage shi ne a gasa ƙarin da haske, da wata na'ura da suke ji da ita kamar 'yar fari.

Na gan ta. Tana can ƙasan asibitin, a wani ɗaki mai sanyi da ba taga, ƙofarsa ta fi katangar gidanmu kauri. Hannu ne guda na ƙarfe, fari, mai gwiwoyi, yana kewaya gadon da kake kwance yana leƙenka ta kowace kusurwa kamar surukar da ta zo duba ɗaki. Ta wurare fiye da ɗari yake sakin hasken, kowane siriri ne, amma duk a kan ƙarin suke haɗuwa. Sun ce kuskurensa bai kai kaurin farce ba.

Domin ya gane wurin, sun sa allura sun dasa mini ƙwayoyin zinariya uku a gefen ƙarin, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ga yayanki ya mallaki zinariya a ƙarshen rayuwa, a inda ba zai iya sayarwa ba. Na ce wa yarinyar da ke sarrafa na'urar, wadda nake kira 'Yar Maɓalli, ai waɗannan turaku ne, ni tsohon safiyo ne, shekara talatin da huɗu ina auna ƙasa, kuma ba a tsayar da wuri da ƙasa da turke uku. Ta ce, “Ashe Baba ɗan gida ne.” Na ji daɗi, kuma na ji haushin jin daɗin. A ofishin da na ƙarar da ƙuruciyata, yaran da suka zo da na'urorin tauraron ɗan'adam ko kujera ba su tashi sun ba ni ba.

Ranar Laraba za su ɗauki hoton da za a zana aikin a kansa. Abu ɗaya ke damuna. Akwai wani tsohon mahauci da muke zama benci ɗaya da shi. Shekaranjiya ya fito yana share ido da hularsa. Tari ya hana shi kwanciya, suka ce wannan hanyar ba ta dace da shi ba. Auta, tarinsa bai kai nawa ba.

Ki gaida yara. Wassalam.

Yayanki

Ranar Talata

Yaya Sarkin Ƙorafi,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarka, na karanta wa maigidan, ya yi dariya har da ɓarin shayi a wurin maganar suruka. Yana gaishe ka. Ka san da ina da wanda zan bar masa shi, da tuni ina bakin ƙofarka. Ka yi haƙuri da rubutun kazar nan, ba kowa ba ne ya zo na ɗaya a aji shekara bakwai a jere.

Wato kai ko a gadon asibiti sai ka nuna musu ka fi su sani? Allah ya shirye ka. Yarinya ta girmama ka, ka zo kana jin haushi. Ka kai mata ko alewa ce.

Maganar mahaucin nan, ka san ciwonsa ne? Ka ga hotonsa? Kai dai ka ga mutum yana kuka ka ɗauki tarinsa ka auna da naka. Ka bar wa likitoci aikinsu. In sun tambaye ka, ka faɗa musu komai, har da abin da ba su tambaya ba.

Na ba direba riga biyu masu buɗaɗɗen gaba, na ɗinka maka don kada ka sha wahalar ɗaga hannu. Da tsohon awonka na yi, sai na rage yatsa biyu, don na san ka rame kana ɓoye mini. Ka ci abinci, Yaya. Ba ni da wani yayan sai kai, ko da kuwa kai ne mai baƙin halin.

Allah ya ba da sa'a gobe.

Autarka

Ranar Juma'a

Auta,

Sallama da gaisuwa. Riguna sun iso, sun yi daidai, wanda ke nufin kin yi gaskiya, kuma ba zan sake maimaita wannan ba.

Zan faɗa miki wani abu, amma ki riƙe shi tsakaninmu. Ko maigidan kada ki karanta wa wannan.

An ɗauki hoton. Sun kwantar da ni a wata katifa, suka zuƙe iskarta har ta kama siffar bayana. 'Yar Maɓalli ta ce, “Baba, ka yi numfashi yadda ka saba, kada ka yi mana kwalliya.” Hikimar ita ce, ƙarin yana hawa yana sauka da numfashi, su kuma suna son su ga iyakar yawonsa.

Ban yi yadda na saba ba. Kafin in fita gida na shanye kusan rabin kwalbar maganin tarin maƙwabcina, irin mai kashe jiki. Da na kwanta kuma sai na koma numfashin aiki. Duk safiyon kirki ya san shi: in ka sa ido a madubin awo, kana ja a hankali, kana ƙirga huɗu, kana saki a huɗu, don kada ƙirjinka ya girgiza ƙafafun madubin. Minti ashirin ban yi tari ko ɗaya ba. Yarinyar ta ce ba ta taɓa ganin numfashi mai kyau irin wannan ba. Likita ya ce zama uku ya ishe ni, za a fara ranar Talata mai zuwa.

Na fito ina taƙama. Sai da na hau mota na gane abin da na aikata. Na ba su awon wani mutum ne da ba ni ba. Numfashina na gaskiya kin san shi, ja biyu gajeru, ɗaya dogo, sai tari ya shaƙe ni. Kuma likitan da bakinsa ya ce ƙarin yana dab da hanyar abinci, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba.

Ni na san abin da ƙaramin kuskure ke yi in ya shiga tun daga tushe. Na taɓa ganin layin da aka karkata da kaurin igiya a turken farko, kafin ya kai ƙarshen unguwa ya ratsa ta tsakiyar ɗakin wata tsohuwa. Madubin bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ya bi. Na'urar nan ma haka take, iyakacin ƙwarewarta ta harbi inda aka nuna mata.

In na faɗa, su kore ni kamar mahauci, kuma bayan wannan ba wata hanya. In na yi shiru, sai in sake shan maganin sau uku, in riƙe numfashin aron nan kusan awa guda kowane zama. Ina gwadawa a kan tabarma da agogo a hannu. Jiya na kai minti goma sha tara. Yau goma sha ɗaya.

Ba shawara nake nema ba. Na dai rasa wanda zan gaya wa ne.

Yayanki

Ranar Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Shekara talatin ina kan keken ɗinki, ban taɓa auna ƙugun mutum bai tsuke ciki ba. Malamai, 'yan kasuwa, tsofaffi masu jikoki, kowa sai ya ja tumbi ya kalli sama. In na bi nasu, ranar da suka sa wandon ba za su iya zama ba. Shi ya sa nake jan su da hira har su manta, cikin ya dawo wurinsa, sannan in rubuta. Amma wando in ya matse ana farke shi. Kai fa, me za a farke?

Ka ce ba ka neman shawara, to ban ba ka ba. Na duba bayan katin asibitin da ka manta a cikin ambulan ɗin takardarka ta farko, na ga lambar sashen, na buga. 'Yar Maɓallin taka ce ta ɗauka. Na faɗa mata duka, maganin da ƙirgen huɗu-huɗun. Sai ta ce, “Kai, Baba!” Ta ce za ta sanar da likita yanzu.

Ka zage ni, ka tsine, ka ce ba ka da ƙanwa. Na yarda. Ina rubutun nan ban sani ba ko na cece ka ne ko na rufe maka ƙofar da ta rage. In korar ka suka yi, ni na jawo, kuma da shi zan kwana har in mutu. Amma ba zan zauna ina ɗinka wa mutane riguna ana ƙona maka maƙogwaro ba.

Ka yafe mini ko kada ka yafe, ka dai je in sun kira.

Auta

Ranar Laraba

Zuwa ga Malama Tela,

Bayan sallama. Ina sanar da ke cewa aikinki ya yi kyau. An soke zaman jiya. An ba wani gurbina, na gan shi da idona yana shiga da 'yarsa tana riƙe masa takalmi.

Sau ɗaya a rayuwata na ba wani amanar tsorona. Ofis sun ci amanata na ce baƙi ne, abokai sun ci na ce zamani ne. Ke me zan ce?

Likita ya zaunar da ni kamar ɗan firamare. Ya ce maganin da na sha ya fi ba shi tsoro a kan ƙirgen, wai da irin zuciyata yana iya kwantar da ni gaba ɗaya. Ya karɓe kwalbar. Na tambaye shi mahaucin fa, ya ce ba ya tattauna ciwon wani da wani. Da safiyar yau aka sake hoton, ba magani, ba ƙirge. Na yi tari har sai da katifar ta yi ƙara. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, 'Yar Maɓalli tana kallo ta allonta tana cewa, “Yawwa Baba, wannan ne naka.”

Na tambaya ko za su karɓe ni. Sun ce sai masu lissafi sun zauna a kan hoton, kwana biyar ko shida. Na san irin wannan amsar, ni ma na sha ba mutane ita ta tagar ofis.

Tun da na dawo nake jin ƙarin kamar yana ƙara girma. Na san ba a jin sa. Ina jin sa.

Kada ki aiko komai.

Wanda kika sani

Ranar Asabar

Yaya,

Sallama. Ka ce kada in aiko komai, to wannan ba komai ba ce, takarda ce. Kwana uku ban taɓa keke ba. Duk motar da ta tsaya sai in fito ba mayafi. Ko layi ɗaya ne ka rubuto, ko da zagi ne.

Auta

Ranar Alhamis

Auta,

Assalamu alaikum. Sun karɓe ni. Da numfashina na gaskiya ƙarin yana sauka ƙasa fiye da yadda hoton farko ya nuna, har yana goga gefen hanyar abincin. Sun rushe zanen sun sake. Zama biyar ne yanzu, da haske kaɗan-kaɗan.

Yau aka yi na farko. Sun sa mini wata riga matsattsiya mai 'yan fitilu a ƙirji, ɗinkinta ba zai burge ki ba. Suka fita suka rufe ƙofar. Hannun ya sunkuyo, sai na ga yana hawa yana sauka tare da ƙirjina, ja biyu gajeru, ɗaya dogo. Can tari ya taso. Na danne, na danne, ya fi ƙarfina. Na rufe ido na ce shi ke nan.

Sai hannun ya tsaya. Ya tsaya cak a sama yana jira, har na gama, na share hawaye, numfashin ya dawo, sannan ya ci gaba. Sau tara ya jira ni.

Ba za a san ko aikin ya ci ba sai bayan wata uku. Saura zama huɗu. Ban huce ba tukuna. Amma gobe da la'asar ki bugo, zan ɗaga. Ke za ki yi maganar, da ma kin saba.

Ki gaida maigidan.

Yayanki