Wushiryar Mama a Kashi na Tara

Yaya Darlene,

Gaisuwa daga Alaska. Yaya jikin Mama? Ni lafiya lau, sanyin kamfanin kifi ne kawai ya farfasa min yatsu.

Kin ce sayen gyararrun faya-fayan tsohon shirin barkwancin mawaƙan nan ɓarna ce. Haba Yaya! Sau nawa Mama ta ce tana cikin 'yan matan da ke ihu a kashi na tara, muka ƙaryata ta don kaset ɗinmu dishi-dishi ne? Yanzu hoton ya fito tas. Na kalla wurin abokin aikina: ga ta nan, har wushiryarta!

Ki saya, kada ki jira dawowata. Ta manta sunayenmu, amma wataƙila ta gane yarinyar nan.

Ƙaninki,
Wendell