Aure Aka Ba Ka, Ba Ranta Ba

Bahindi, daren Alhamis

Hannuna na hagu ya kumbura, zogi ya hana ni barci.

Da la'asar na ji ihun maƙwabciyata Hajo, na shiga da gudu ko takalmi babu. Na tarar mijinta Ɗanladi ya take mata wuya, taɓarya a hannunsa, jini na zuba daga kunnenta. Laifinta kawai ta ce da kanta za ta kai bandar kifinta kasuwar Lolo. Mazan da ke zaune a ƙofar gida suna ji, ba wanda ya motsa.

Ya ɗaga taɓaryar zai sauke mata a ka, na tara hannuna.

"Inna Rabi, mi ya shafe ki? Matata ce!"

Na ce, "Aure aka ba ka, ba ranta ba."

An ɗinke mata kunnen a asibiti, yanzu tana kwance ɗakina. Bayan isha'i ya aiko yayarsa, wai Hajo ta koma ta tuƙa masa tuwo. Na ce ta faɗa masa gobe a gaban alƙali za su haɗu, ni ce shaida. Hajo na ji, ba ta ce a'a ba.